Akwatin Dawuda Bai Daina Kira Ba

Kafin in ci gaba, ina da magana da ku masu rubuto mini a ƙasan labarin nan kuna cewa Allah ya ba kowa uwa irin Saloma. Ku dakata da yabon. Ku karanta na yau tukuna, in kun gama mu ga wanda bakinsa zai iya maimaitawa.

Ga wanda yau ya shigo: ni ce Saloma, matar Dodo tsohon soja, gidanmu yana Zuru ta hanyar Dabai. Ɗiya mace ɗaya Allah ya ba ni, Keziah. A shekarar 2007 wuri guda muke aiki da ita, ofishin wata ƙungiya mai kula da allurar rigakafin yara. Ita tana gaban kwamfuta, ni ina shara da goge tebura. Bokona bai wuce aji uku ba, amma Hausa kam ina karanta ta tsaf. Ku riƙe wannan.

Mai neman Keziah sunansa Dawuda. Dogo, siriri, kullum da jakar sukundireba a bayan mashin. Shi ya haɗa wasu ƙananan akwatuna masu launin toka, ya kafa su jikin firjin allura a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, ta wajen Danko da bayan Dirin Daji. Kowane akwati da layin waya a cikinsa, da 'yan maɓallai kamar na wayar hannu, da eriya a kan doguwar sanda. A waɗancan ƙauyuka waya ba ta kama sabis ko ka hau dutse, sai dai eriyar nan, ita ma kwamfutar Keziah kaɗai take iya kira.

Wata rana ina goge ƙasan teburin na ce masa, "Kai Dawuda, wanga abu da kuke bauta wa, mene ne aikinsa?"

Ya yi dariya, ya durƙusa yadda ya saba in zai yi magana da ni. "Mama, aike ne kawai. Akwatin ƙauye ƙarami ne, ba ya iya yanke hukunci. Sai ya kira uwar da ke nan, wato kwamfutar nan, ya ce, ga sanyin firjina, duba mini. Ita ta duba, ta mayar masa da amsa. Kafin amsar ta zo, tsaye yake, ba gaba ba baya."

"In ba ta amsa ba fa?"

"Sai ya sake kira."

"In ta ƙi?"

"Ya sake. Ba ya fushi, Mama, ba kamar surukai ba."

Na ɗaga tsumma zan make shi, ya kauce, Keziah tana rufe baki da gyale. Su biyu suka zauna suka mayar da duk rubutun allon Hausa, don ma'aikatan ƙauye su gane. In ya gyara firji, sai ya danna maɓalli, a Zuru a ga: *Dawuda ya gama. In tafi?* In uwar ta ga sanyin ya yi daidai, da kanta take amsawa: *An karɓa. Kana iya tafiya.* Ƙa'idarsa ce, ba ya barin ƙauye sai ya ga wannan amsa, don in firji ya mutu a bayansa allurar yara ta lalace ba wanda zai sani.

Abu ɗaya muke saɓawa da shi. Ni da hadari ba ma shiri. Yayata Leah tsawa ce ta kashe ta a gona, ina tsaye kusa da ita kamar daga nan zuwa bakin ƙofa. Tun ranar, da na ji rugugi nake kife madubi, in cire batirin rediyo, in rufe duk wani abu mai ƙyalli. Dawuda ya taɓa kama ni ina lulluɓe kwamfutar da tawul.

"Mama, na binne ƙarfe a bayan ginin nan, tsawa can za ta bi. Wagga ko duniya za ta tashi kada ki kashe ta."

Na ce, "To, likitan tsawa."

Dodo kuwa, duk da yana dattijo a majami'a, bai yarda a ɗauki ɗiyarsa ba golmo ba. Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa gidan surukai a ƙasarmu, shi da tsaransa, shekara bakwai. Mutane da yawa sun bari. Dodo ya ce, "Ni na yi wa uwarta, bayana bai karye ba. Mai danna maɓalli ma shi zo shi riƙe garma." Dawuda bai yi musu ba. Litinin zuwa Juma'a waya da sukundireba, Asabar gonarmu. Hannunsa ya yi kanta har Keziah tana tsokanarsa wai yana goge mata haruffan maɓallai.

Asabar ta ƙarshe a golmonsa ta faɗo cikin watan Agusta. Ranar Juma'a da safe aka aiko cewa firjin wani ƙauye a bayan Dirin Daji ya tsaya. Akwai rafi kafin ƙauyen, ba gada. Ya tafi yana cewa kafin la'asar ya dawo.

Ƙarfe ɗaya na rana na tsaya a kan Keziah. Tana sanye da atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta zuba wa allo ido.

"Tashi ki tafi gida. Maza ashirin za su zo gona gobe, dawa ko surfe ba a yi ba."

"Mama, bai kira ba tukuna."

"Ke kike amsawa ko na'ura?"

"Na'ura ce, amma..."

"To na'urar ba ta san hanyar gidanmu ba, ke kin sani. So kike dangin mijinki su ce uwarki ba ta koya miki tuwon taro ba? Zan zauna. Tafi."

Ta ɗauki jakarta tana waiwaye. A bakin ƙofa ta ce, "Don Allah Mama, ko wuta ta ɗauke akwai batir. Kada ki taɓa komai."

Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ko rabin awa ba ta yi da fita ba gabas ta haɗe. Duwatsu suka yi baƙi. Rugugi na farko ya kaɗa gilashin taga, na ji warin nan na ƙasa da ƙonannen ƙarfe da na ji ranar Leah. Ga allo yana haske a gabana, ga wayoyi sun bi bango sun fita waje. Na ce a raina, yaron nan yana da hankali, in bai ji amsa ba ai zai kamo hanya. Na danna maɓallin da nake ganin Keziah tana dannawa, na zare wayar bango, na kashe batirin. Na kwance zanen zumuntar matan coci da na ɗaura a kan siket, na lulluɓe ta ruf. Na kulle ofis na tafi gida da sauri.

Keziah tana bakin turmi. "Ya kira?"

"Har na taso bai kira ba. Na bar ta a kunne."

Haka na faɗa. Ban yi in'ina ba.

Da safe tsaransa suka zo da garemani, ba Dawuda. Dodo ya fara huci yana cewa ga irin 'yan bokon nan. Na ce zan je neman gishiri, na ruga ofis, na fizge zanen, na mayar da waya, na kunna komai. Allo ya kawo, shiru. Ba kira ko ɗaya.

Da rana aka ga mashin ɗinsa a bakin rafi. A rana ta uku aka same shi, nesa, ya maƙale a saiwar wata bishiya, jakar sukundireba tana wuyansa.

Ma'aikaciyar ɗakin maganin, Hannah, ta zo gaisuwa. Ta ce tun ƙarfe biyu ya gama gyara, ya yi ta dannawa Zuru ba ta amsa ba. Da ya tashi a lokacin, ruwan rafin bai kai gwiwa ba. Ya jira har biyar da rabi. Ta ce masa ya kwana, ya ce ina, gobe ranar golmonsa ta ƙarshe, ba zai sa a ce ya gudu ba. Bayan tafiyarsa iska ta karya sandar eriya, akwatin ya mutu. Kowa a wurin makokin ya girgiza kai ya ce sabis ne, sabis ɗin damina ba shi da amana. Ni ma na girgiza nawa.

Wata goma sha ɗaya Keziah ba ta sa jan baki ba. Tana zuwa aiki, tana dawowa, tana cin abinci kamar magani. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da na lura kawai, ta daina bari in yi mata kitso.

Ana cikin haka ƙungiya ta ɗauko wani a madadin Dawuda, sunansa Sila, mutumin Danko. Gajere, mai fara'a, rigarsa kullum a soke cikin wando. Bai yi wata biyu ba ya fara zuwa gaishe da Dodo da 'yar ledar lemu. Wayar Keziah mai tocila tana kan buhun masara tana ƙara da saƙonninsa, ni kuwa ba na jin kunyar dubawa.

*Barka da rana ranki ya daɗe. Kin ci abinci ko in kawo rahoto wurin Mama?*

*Na ga kin yi murmushi yau ƙarfe 10:15. Na rubuta a littafin tarihi.*

Ita amsarta ba ta wuce *Na gode* ba.

Na tsananta mata, kuma ba don Sila nake yi ba. So nake a yi biki, a yi kiɗa, a rufe zancen rafi.

"Shekararki ashirin da shida. Wanda ya tafi ya tafi. So kike ki tsufa a gaban akwatin ƙarfe?"

Dodo ya ce, "Ni ko golmo na yahe mai. Wanda ya yi mini na gaske, mi ya same shi? Ki ba yaro amsa."

Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "Zan ba shi amsa ranar da ya tada akwatin bayan Dirin Daji. Aikin Dawuda ne. Ba na so ya ruɓe a jikin bango."

Na ce, "Shi ke nan? Ai wannan mai sauƙi ne." Ni da bakina na kira Sila na ce ya hanzarta.

Ranar Lahadi bayan sujada ya zo gida, ya zauna a kan benci ƙarƙashin mangwaro, na kawo masa kunun zaƙi. Ya ce ya samo sabuwar sanda da batir, ranar Talata zai je.

"Mama, marigayin nan gwani ne. Na karanta yadda ya tsara abin, na cire masa hula. Kin san akwatin ba ya yar da kira? Duk kiran da bai sami amsa ba, ajiye shi yake. Ko shekara goma ya yi a mace, ranar da ya farfaɗo da su zai fara, ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Na bara ma?"

"Har da ranar da awar. Har dalilin da ya sa bai shiga ba yake rubutawa. In sabis ne ya ce ba sabis. In kuma ya iso Zuru ya tarar da uwar a kashe, ya faɗa."

Keziah tana zaune a kan tabarma tana warware zaren saƙa. Zaren kawai take naɗewa a yatsa, tana warwarewa.

Litinin na yini ina share wuri ɗaya. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Na yi tunanin in zuba ruwan guga a bayan na'urar in ce tsautsayi ne. Ku da kuka ce a ba kowa uwa irina, kun ji abin da na yini ina saƙawa.

Talata sauran ma'aikata suka fita ƙauyuka rabon allura, ofis ya rage daga ni sai ita. Na ga ta sa atamfar nan shuɗiya mai ganye, wadda tun bara take ƙasan akwati. Sila ya ce kafin azahar zai haɗa. Wajen sha biyu ta fita bayan gida. Kamar an aiko, gabas ta fara haɗewa, rugugi ya taso daga kan duwatsu can nesa. Na tsinci kaina a durƙushe bayan tebur, hannuna a kan wayar bango. Ga dalili ma Allah ya kawo, kowa ya san ni da hadari.

Ban zare ba. Kada ku ce tsoron Allah ne. Takunta na ji.

Ta zauna, ta gyara kujera. Na koma jikin bango da tsintsiyata. Fanka tana juyawa a hankali. Sai na'urar ta yi ƙara, ƙit, irin wadda na manta da ita.

*Dawuda ya gama. In tafi?*

Wata goma sha ɗaya yana cikin ƙasa, ga shi yana neman izini. A gefen layin an rubuta ranar Juma'ar nan, ƙarfe 2:04. A ƙarshensa, da ƙananan haruffa: *sabis ya kai, Zuru a kashe.*

Na'urar ba ta san an mutu ba. Ta duba sanyin firjin bara, ta ga ya yi daidai, ta amsa: *An karɓa. Kana iya tafiya.*

Ƙit. 2:15. *Dawuda ya gama. In tafi?* Zuru a kashe.

*An karɓa. Kana iya tafiya.*

Ƙit. 2:30. Ƙit. 2:41. Suna shigowa a jere, kowanne da amsarsa a ƙasa, kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa ana ce masa shigo, shi kuwa ba ya ji. Keziah ta ɗora hannuwa biyu a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ni nake ƙirgawa a zuci, ban san dalili ba. A na tara sai ga ƙarin rubutu, ashe akwatin yana barin mutum ya liƙa 'yar magana da maɓallan nan.

3:20. *Kezi kina nan? Ruwa ya fara.*

4:05. *Kezi ba ke ba ce. Ke ba kya kashewa.*

Na zauna a kan bokitin shara. A waje an fara yayyafi, yana buga kwano ɗaya-ɗaya.

4:50. *Rafi yana cika. Zan ƙara jira kaɗan saboda allurar.*

Na goma sha tara shi ne na ƙarshe. 5:28. Ya daɗe kafin ya buɗe, ko ni na ga ya daɗe.

*Mama na san tsawa kike tsoro. Ba komai. Ki kunna minti ɗaya kawai. Gobe da sassafe ina gona.*

Ƙasansa na'urar ta rubuta abinta: *An karɓa. Kana iya tafiya.*

Daga nan shiru. Sai wani sabon layi mai kwanan watan ranar, Sila ne yake gwada aikinsa. Ba wadda ta dube shi.

Na buɗe baki. "Keziah, ɗiyata..."

Ta ja aljihun tebur, ta ɗauko wata 'yar takarda a ninke, ta warware a gabana. Wani ɗan ƙyalle ne, bai kai faɗin yatsa biyu ba, ruwan ɗorawa da fari. Bakin zanen zumuntata. Na daɗe ina cewa ƙusar coci ce ta yage shi.

"A bayan allon na same shi, ranar Litinin bayan an binne Dawuda." Muryarta a kwance, kamar tana karanta sanarwa. "Kullum in kin shigo ɗakina da safe sai in ce yau za ta faɗa. Ranar da kika riƙe uwarsa tana kuka, kina ce mata sabis ne, na ce yau kam za ta faɗa. Da kin faɗa, Mama, tsoro ne, kowa ya san abin da ya sami Inna Leah. Da mun yi kukan tare."

"Na ji tsoron ki tsane ni."

"Sai kika ce in yi aure."



Ta danna wani abu, injin buga takarda ya fara kuka, ya fitar da layukan nan sha tara da amsoshinsu. Ta ninke takardar gida huɗu, ta kamo hannuna ta sa a ciki, ta rufe yatsuna a kai. Rabon da ta taɓa ni tun bara.

"Tashi."

"Ina za mu? Ana ruwa. Ga tsawa."

"Na ji ta. Uwarsa tana gida, ba ta zuwa kasuwa ran Talata. Ba ta iya karatu ba, ke kin iya. Ke za ki karanta mata, tun daga na farko."

Ta bar na'urar a kunne, ta kulle ofis. Tana gaba ina baya, ba lema, ba mayafi. Sama tana tsagewa a kan duwatsu, ni kuwa ban sami abin da zan rufe ba. Muka wuce masu gasa masara sun fake a rumfa suna kallonmu, muka shiga lungun gidan su Dawuda. Garmarsa tana nan jingine a zaure inda ya bar ta, ta yi tsatsa.

Keziah ta matsa gefe ta ba ni ƙofa. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na sake.

Daga ciki tsohuwar ta ce, "Wa nake ji kamar Saloma? Cikin ruwan nan? Shigo mana, 'yar'uwa, ai gidanki ne."